Zuwa Ga Babana, Mahaƙin Rijiyar Bakin Kogi

Zuwa ga mahaifina, Malam Yakubu Dogara, wanda ya riga mu komawa gida.

Ina gaishe ka gwiwa bibbiyu a ƙasa, kamar yadda ka koya mana gai da na gaba. Ina fata kana cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa bayinsa. Mu nan ƙauye lafiya lau muke. Inna tana nan da sauran ƙarfinta, sai dai gwiwa da ke damunta, kunne kuma ya yi nauyi. Damina ta yi kyau bana. Masara ta nuna, dawa ta fitar da kai, gonarka ta hanyar Ɗansoshiya jikokin Baffa Isiya ne ke noma ta, suna kawo wa Inna rabonta ba tare da an tuna musu ba.

Bayan gaisuwa, Baba, dalilin wannan takarda shi ne na je Bakin Kogi.

Ka yi mini haƙuri in ɗan yi bayani, domin akwai waɗanda za su leƙa takardar nan ba su san mu ba. Bakin Kogi shi ne sunan da muke kiran makarantar horar da fastoci ta ɗariƙar Lutaran da ke can gabas mai nisa, inda ka yi rabin rayuwarka. Ba shi ne sunanta na takarda ba, amma a gidanmu ban taɓa jin an kira ta da wani suna ba. A can aka haife ni, na bar ta ina 'yar shekara tara, ban sake taka ta ba sai watan jiya, ga ni da furfura, na yi ritaya daga aikin jinya.

Wani malaminsu ne ya kira ni a waya. Ya ce suna taron tunawa da kafuwar makarantar, suna neman iyalan waɗanda suka fara ta. Da farko cewa na yi ba ni da lafiyar tafiya. Ƙarya na yi, Baba. Zuciyata ce ba ta son wurin, kuma ka san dalili. Inna ce ta ce, "In da ƙafata tana ɗauka ta, da ba ke za a roƙa ba." Kunya ta sa na shirya.

Daga ƙauye ɗan acaba ya kai ni Kafin Maiyaki, na sami mota a Kwanar Dangora. Muka wuce Tudun Wada inda gidana yake, muka ratsa dajin Falgore, duwatsun Doguwa suka biyo mu ta gefe har suka gaji suka koma. Sai da muka kwana a hanya, washegari da azahar na hango kogin. Duk tafiyar nan ina kan kujera mai laushi amma bayana kamar zai ɓalle. Sai na tuna an ce kai mafi yawanta a ƙasa ka taka, da dagi a kafaɗa da igiya a wuya.

Iyakar abin da na sani ke nan game da zuwanka can: ka tafi cin rani kana saurayi, ka zauna. Kai ba mai ba da labarin kanka ba ne. In muka tambaye ka, sai ka ce, "Abin da ya wuce na Allah ne, ku ɗauko mini fartanya."

Wanda ya buɗe mini komai shi ne Fasto Filibus. Yana cikin ɗaliban farko, kuma shi kaɗai ya rage a cikinsu. Ya tsufa tukuf, ido ya tafi, sai kunne da baki. Da aka ce masa ga 'yar Malam Yakubu, sai ya ce in yi magana ya ji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Hausar Kano. Rabona da jin ta haka tun ranar da ubanki ya hau mota." Daga nan bai sake ni ba sai da rana ta yi sanyi, ni kuwa ko ruwa ban tuna in sha ba.

Ya ce lokacin da ka iso, makarantar ba ta wuce rumfar ciyawa guda da 'yan bukkoki ba. Ɗaliban ba su cika yatsun hannu biyu ba, magidanta ne duka, kowa da matarsa da 'ya'yansa. Da sassafe su kwaɓa ƙasa su yi tubali, hantsi ya yi su wanke hannu su zauna a kan giginyar da aka tsaga, su ɗauki karatu. Allonsu bangon ƙasa ne da aka shafa wa gawayi. Malaminsu ɗaya, shi ne kuma shugaba, wani Baturen Mishan daga ƙasar sanyi, wanda suke kira Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga rumfar. Ruwan kogi suke sha, yana ta sa yara gudawa, har an binne biyu. Shi ya sa Dogo ya sa aka yi cigiyar masu haƙar rijiya.

Ku uku kuka karɓi aikin, dukanku daga ƙasar Kiru. Kuka wuce jar ƙasa, kuka wuce marmara, a gaba bakwai kuka tarar da dutse. Abokanka biyu suka ce wannan ba wurin ruwa ba ne, suka naɗe igiyarsu suka yi gaba. Kai ka tsaya. Fasto Filibus ya ce wuta kake hurawa a kan dutsen har ya yi ja, ka fito, a kwara masa ruwa ya tsage, ka koma ka ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru. Wata rana tafin hannu guda, wata rana ko haka ba a samu ba. Ɗalibai suna karɓa-karɓa wajen jawo kwandon. Ya ce in ka fito, ba a gane ka sai da haƙora.

Baba, ni da na girma ina ganin tabon ƙuna a damtsenka na dama, ban taɓa tambayar inda ka samo shi ba.

Sai labarin da ya sa tsohon nan dariya har da tari. Ya ce ɗaliban nan kowa da yarensa, wasu daga bakin kogi, wasu daga kan duwatsu, ba mai jin na wani. Hausa ce ta haɗa su, alhali ba wanda ya sha ta a nono, shi ma Dogo a littafi ya koye ta. Rumfar karatu kuwa tana dab da bakin rijiyar. Ran nan ka fito shan iska, taɓo har ka, sai ka ji Dogo yana koya musu cewa Allah ya yi mutum daga kasa. Ka fashe da dariya. Aji ya yi tsit, domin a zamanin nan ba a yi wa Bature dariya. Dogo ya leƙo ya tambayi abin da ya faru, kai kuwa ko gezau, ka ce, "Ranka ya daɗe, kasa ai maciji ce. In daga ita aka yi mu, da tuni mun gama saran juna. Ƙasa ake cewa."

Fasto Filibus ya ce sun ɗauka ranar za a kore ka. Sai Dogo ya cire tabaransa, ya fito cikin rana, ya tsaya gabanka ya ce ka sake faɗa. Ka faɗa, ya maimaita. Ka ce bai yi ba. Ya sake. Shugaban makaranta guda, a gaban ɗalibansa, yana ta murɗa maƙogwaro gaban mahaƙin rijiya, har sai da ka gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Daga yau kai ne malamina."

Ban san wanda ya fi ba ni mamaki ba tsakaninku, kai da ka yi dariyar ko shi da ya fito cikin rana.

Tun daga ranar, kowace la'asar in ka wanke jiki sai ka zauna a gabansa. Ya karanta maka darasin gobe, ka gyara masa Hausar. A lokacin ko harafi ɗaya ba ka sani ba. Shi kuma ya riƙa koya maka baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Ashe duk darasin da zai shiga aji sai ya fara bi ta kunnenka. Ba gyaran lafazi kaɗai kake yi ba, kana tsare shi da tambaya. In ya ce alheri, ka ce wane irin alheri, na maƙwabci ko na sarki? In ya ce fansa, ka ce wa aka kama, wa ya biya? Fasto Filibus ya ce sau da yawa Dogo kan shigo aji washegari ya ce, "Jiya mutumin Kano ya tambaye ni abin da ban iya amsawa ba, ku taya ni."

Ranar da ruwa ya ɓullo, an buga guntun ƙarfen da suke yi wa ƙararrawa har mutanen ƙauyen kusa suka ɗauka gobara ce. Mata suka yi ta guɗa. Aikinka ya ƙare, damina ta kusa, kowane ɗan cin rani ya kama hanyar gida. Kai ka je wurin Dogo ka ce kana son baftisma, kana kuma son wuri a kan giginyar nan. Dogara shi ne sunan da Kaka ya raɗa maka. Yakubu kai ka zaɓa da bakinka.

Abin da ya biyo baya na ji shi a wurin Inna tun ina yarinya. Ka dawo gida ka faɗa wa dangi. Kaka yana kan tafarkin iyayensa na Maguzawa, ya yi kwana uku bai amsa gaisuwarka ba. Yayanka Baffa Isiya kuwa ya riga ya musulunta, kowa ya zuba ido ya ga abin da zai yi. Sai ya ce, "Hanya ta raba mu, nono bai raba mu ba." Shi ya shige gaba aka nemo maka auren Inna a wajen Dangora, shi ya raka ku har inda ake hawa mota.

Ka gama karatu, aka tura ka aikin bishara a ƙauyukan kan dutse, aka keɓe ka fasto, daga baya aka dawo da kai makarantar kana koyar da wa'azi da Hausa da noma. Rumfa ta zama ɗakuna masu kwano. Ɗalibai suka ƙaru. Aka sami malamai 'yan ƙasa waɗanda suka yi karatu mai zurfi, har da waɗanda suka ƙetare teku. A cikinsu duka kai ne mai ƙaramar takarda.

Sai lokacin tafiyar Dogo ya zo. Ya tsufa, kuma ikilisiya ta ce ya kamata ɗan ƙasa ya riƙe makarantar. Manyan malamai biyu ne kowa ke kallo: Malam Istifanus, ɗan mutanen bakin kogi, da Malam Haruna, ɗan mutanen kan dutse. Dukansu sun cancanta, Fasto Filibus ya rantse mini da haka. Amma kowane ɓangare ya ce in ba nasa ba, sai dai a raba makarantar. Abin ya kai ɗalibai sun daina cin abinci wuri ɗaya. Matansu suka raba lokacin ɗiban ruwa. A majami'a waɗannan su zauna dama, waɗancan hagu, ana rera waƙa ɗaya ba mai kallon wani. Dattawan ikilisiya suka yi kwana uku suna zama ba su tsinana komai ba. Har an fara maganar wa zai ɗauki littattafai, wa zai ɗauki benci.

A rana ta uku wani dattijo da bai ce uffan ba tun farko ya miƙe ya ce, "Akwai mutum ɗaya a nan da ba shi da kowa sai Allah. Ku ba wa baƙo shugabancin."

An ce a gonar makaranta aka same ka kana yi wa ɗalibai gwajin yadda ake huɗa. Da aka faɗa maka, sai ka zauna a kan kunya ka rufe fuska. Ka ce ba ka da ilimin, ba ka da dangi a ƙasar, ranar da aka juya maka baya ba ka da inuwar fakewa. Sai da Dogo ya zo da kansa da sandarsa. Ban san abin da ya faɗa maka ba, ba wanda ya sani. Amma ka dawo gaban dattawa ka ce ka karɓa, da sharaɗi. Ba za ka shiga gidan shugaba na kan tudu ba. Malam Istifanus da Malam Haruna za su riƙa cin abincin rana tare da kai kullum, a akushi ɗaya. Kuma in ɗaliban da za ka ɗauka da hannunka suka gama, aka sake ɗaukar wasu su ma suka gama, za ka sauka, kada kowa ya roƙe ka.

Baba, wannan cin abincin ina tune da shi. Ina 'yar ƙarama ina ganin mutum biyu suna shigowa zaurenmu kowace azahar, ɗaya gajere mai ƙiba, ɗaya siriri mai tsage a kumatu. Na ɗauka aminanka ne. Da na dawo na tambayi Inna, sai ta yi dariya ta ce, "Aminai? Wata uku ina tuƙa tuwon mutum uku, ba na jin komai daga zauren nan sai ƙarar loma." Ta ce kai ma ba ka yi musu wa'azi ba, ba ka ce su shirya ba. Ka dai tura wa wannan nama, ka tura wa wancan, ka tambaye su shawara kan rufin aji ko jarrabawa, ka yi shiru sai sun amsa. Ran da ta fara jin dariya daga zauren, ta ce muciya ce ta faɗi daga hannunta.

Gidan kan tudu kuwa, wanda na yi ta hange ina jin haushi, mai dakali da tagogin gilashi, ashe raba shi ka yi biyu. Ɓangare ɗaya ɗakin littattafai, ɗaya ajin matan ɗalibai. Ka ce, "Faston da matarsa ba ta iya karatu ba, da ƙafa ɗaya yake tafiya." Inna tana cikin waɗanda suka fara zama a ajin, da ƙanena a bayanta. Na ga matan da ke karatun fastoci a can yanzu, suna ta kai da kawo da manyan littattafai a hannu. Ɗaya ta ce mini tun daga wancan ajin aka fara.

A shekararka ta huɗu ta shugabanci kogi ya yi ambaliya. Ya cinye gonar makaranta da ta ƙauyukan kewaye ana saura kaɗan a yi girbi, ya tafi da rumbuna biyu. Taimakon da ake jira daga ƙetare bai iso ba. Dattawa suka ce a rufe makaranta, kowa ya koma garinsu sai baɗi. Ka ce musu, "Garin nasu ma ruwa ya ci. In na sallame su, yunwa na aika su tarar, kuma rabinsu ba za su dawo ba." Kuka koma cin abinci sau ɗaya a yini, gidanmu ma haka. Ka rubuta wa Baffa takarda.

Ni abin da na riƙe daga wannan lokaci shi ne Baffa ya zo ya kawo mini rake da ƙuli-ƙuli. Shi ke nan. Sai a bakin Fasto Filibus na ji sauran. Ashe Baffa bin dangi ya yi gida gida, daga ƙauyenmu har Kafin Maiyaki, yawancinsu Musulmi, wannan ya ba da dami, wancan ya ba da kwano biyar, har aka cika babbar mota da dawa. Bai yarda ya aiko kowa ba. Shi ya hau saman buhuna, kwana huɗu a hanya, rana da ruwa duk a kansa. Da motar ta shigo makaranta, manyan mutane masu gemu suka riƙa kuka kamar yara.

Kwana biyu ya yi a wurinmu. Lokacin salla ya yi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar da ke gaban majami'a, ka sa aka daina buga ƙararrawa har ya idar. Fasto Filibus ya ce shi ne ya riƙa cika masa buta. Da ɗalibai suka taru za su yi masa godiya, wani ya tambaye shi yadda aka yi Musulmi ya kawo wa fastoci abinci. Baffa ya ce, "Ƙanena ya ce mini mutanensa na jin yunwa. Bai faɗi addininsu ba, ni ma ban tambaya ba."

Ba ɗalibi ko ɗaya da ya bar makaranta a shekarar.

Da wa'adin da ka ɗibar wa kanka ya cika, suka manta da sharaɗinka, suka yi ta roƙo. Wakilai suka zo daga bakin kogi, wasu daga kan dutse, wannan karon a mota ɗaya. Ka ce musu, "Kujera ba gadon kwana ba ce." Aka zauna zaɓen wanda zai gaje ka, kowa yana tsoron kada tsohon ciwo ya tashi. Sai Malam Haruna ya miƙe tun kafin a buɗe baki, ya ce shi Malam Istifanus ya zaɓa, domin ya ci tuwo da shi shekara da shekaru, ya san hannunsa. Aka tashi taro kafin a gama shan ruwa.

Yanzu bari in zo kan nawa laifin, tunda shi ya hana ni zuwa da farko.

Mun dawo ƙauye da akwatin ƙarfe cike da littattafai, da keke, da tukwanen Inna. Ka gina ɗaki biyu na ƙasa kusa da gidan Baffa. Ka koma noma, ranar Lahadi ka yi sujada da 'yan gidaje shida ko bakwai a wata 'yar majami'a da ba ta fi zaure ba. Na girma ina jin labarin 'ya'yan waɗanda ka koyar, wannan yana babban birni, wancan ya tafi ƙasar waje. Mu kuwa ga mu muna surfe. Mutanen gari suna girmama ka, amma ba wanda ya san ko kai wane ne, har da mu da ka haifa.

Wata rana na dawo hutu daga makarantar jinya, ina ji da kaina, na tarar da kai kana kora jaki da mangalar taki za ka gona, rigarka duk faci. Ban ko gaishe ka da kyau ba, na ce, Baba, wai me ka samu a aikin nan da ka ba rayuwarka? Ka tsai da jakin. Ka dube ni, ba fushi a fuskarka, ka ce, "Rifkatu, ba a tambayar mahaƙin rijiya ruwa nawa ya sha." Ka kaɗa jakinka ka wuce.

Ban ba ka haƙuri ba. Na yi ta cewa sai wani zuwan, har aka aiko mini asibiti cewa ka kwanta, kafin in iso ka cika. 'Ya'yan Baffa ne suka haƙa kabarinka, 'yan majami'arka suka yi waƙa. Lokacin ba waya, labari bai kai Bakin Kogi ba sai bayan wata biyu. Takardun ta'aziyya suka yi ta zuwa, Inna tana tarawa a akwatinka. Ban buɗe ko ɗaya ba.

Ranar taron aka shigar da ni wani babban ɗaki da ya cika maƙil, fastoci da malamai da ɗalibai, tsofaffi da matasa. Na sami kujera can baya na zauna. Ana cikin kiran sunayen baƙi sai na ji an ce 'yar shugaba na biyu tana nan, daga ƙasar Kano. Na miƙe don in ɗaga hannu in koma in zauna. Baba, ɗakin nan gaba ɗaya ya tashi tsaye. Ba tafi, ba guɗa. Tsayuwa kawai suka yi. Har Fasto Filibus sai da ya sa aka ɗaga shi. Mutanen da ba su taɓa ganin ka ba, waɗanda aka haifa bayan rasuwarka, suna tsaye saboda kai, ni kuwa da na ci daga hannunka ina tsakiyarsu. Ban san lokacin da na durƙushe ba.

Daga baya suka kai ni ɗakin littattafai. Hotunan shugabanni suna jere a bango, Dogo na farko, kai na biye, da farar riga, ba furfura ko ɗaya, kana kallon gefe kamar wanda aka tsayar yana sauri. A cikin wani akwatin gilashi na ga littafin rubutunka na darasin wa'azi. Na gane hannunka tun daga nesa, manyan baƙaƙen nan masu jingina da juna, na wanda ya koyi rubutu da girma. Malamin da ke tare da ni ya ce har yau da shi ake fara wa sababbin ɗalibai. Ya buɗe mini shafin farko. Ka rubuta: "Kafin ka hau mumbari, ka san wanda bai karya kumallo ba a cikin masu jin ka."

Akwai abin da ban faɗa maka ba tukuna. Jikanka Dauda, ɗana na biyu, wanda ba ka gani ba, yana da aikinsa mai kyau a Kano, da mata da 'ya ɗaya. Shekara biyu ke nan da ya zo ya durƙusa ya ce mini yana jin kira, yana son ya ajiye aiki ya tafi Bakin Kogi. Na ce masa gidan nan ya riga ya ba da nasa, kada ya sake ɗaga mini maganar. Yaron kirki ne, bai sake ba, bai kuma tafi ba tare da yardata ba. Amma tun daga ranar in ya zo gaishe ni, idonsa a ƙasa yake, dariyarsa ta ragu. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba.

Da na dawo, ko gidana na Tudun Wada ban tsaya ba, na wuce ƙauye. Na sami Inna a inuwar ɗaki tana ɓarzar gyaɗa. Na zauna kusa da kunnenta mai ji, na kwashe komai na faɗa mata, da tsayuwar mutane, da hoton, da maganar Dauda. Ba ta daina ɓarza ba har na gama. Sannan ta ce, "Da ubanki ya kai ni Bakin Kogi, shekara guda na yi ina fushi da shi. Ke kin yi biyu kina fushi da ɗanki. Ya isa haka. Kira shi."

Na kira shi a gabanta. Washegari ya iso da matarsa. Na ce masa na janye maganata, ya je da albarkata. Dauda ya matso kusa da ni. Ya kifa goshinsa a kan gwiwata, babban mutum da shi, kafaɗunsa suna girgiza, matarsa tana share hawaye da bakin mayafi. Bayan girbi za su tafi, su uku.

Baba, ka gafarta mini tambayar nan da na yi maka a hanyar gona. Na yi ta da ƙuruciya, na riƙe ta da taurin kai har na tsufa. Ban san gaban wanda nake tsaye ba.

Ubangiji Allah, wanda ya kira ka ya kuma riƙe ka har ƙarshe, ya ƙara maka hutu a wurinsa. Ya saka wa Baffa Isiya da alheri, ya albarkaci zuriyarsa, ya bar zumuncinmu da su yadda kuka bar mana shi. Ya ba Inna sauƙin gwiwa da cikawa da kyau. Ya tsare makarantar nan daga rabuwa, ya ba ta shugabanni masu sanin lokacin sauka. Dauda kuma, ya Ubangiji, na sake shi a hannunka, ka yi da shi yadda ka ga dama, ni dai ka ba ni zuciyar da ba za ta kira shi baya ba. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Ka huta lafiya, Babana, sai mun sadu.

Ni ce 'yarka ta fari,
Rifkatu.